Ruwan Babbar Juma'a

Murfin babbar tukunya Yocasta take nema a bayan tankin ruwa, sai hannunta ya ci karo da baƙar leda. An ƙulle bakinta tamau, an cusa ta tsakanin tanki da bango, inda ko kyanwa ba ta shiga. Ta jawo ta, ta kwance ƙullin da haƙori. Biskit ne a ciki, da sandar naman salami, da ƙwayoyin nan da ake sha don kada jiri da amai su kama mutum a kan ruwa. A can ƙasa kuma ga wata shuɗiyar riga, an naɗe ta a leda daban don kada ta jiƙe. Ta san rigar. Ita ta goge ta da hannunta ranar Lahadi, ɗanta Wilkin ya sa ya tafi coci.

Ta nemi bulo ta zauna.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu na El Seibo, ba sai an yi masa bayanin irin wannan leda ba. Mai zuwa wanka bakin teku ba ya shan maganin amai. Wannan guzurin masu kwalekwale ne, masu tsallaka teku zuwa Puerto Rico a ɓoye, a cunkushe kamar kaji a kwando. Wasu su isa, wasu a kamo su a dawo da su, wasu kuma shiru kake ji. Ƙanenta Nelo yana cikin na shirun. Shi ma a makon Ista ya tafi, lokacin da bakin ruwa ke cika da 'yan hutu, babu mai tambayar wani ina za shi.

Shi kuwa Wilkin, ɗanta tilo, ɗan ajin ƙarshe a sakandare, ya daɗe yana damun kunnenta da zance ɗaya. 'Yan ajinsu sun yi hayar bas, za su garin Miches da safiyar Babbar Juma'a ta makon Ista, su kwana a bakin teku, hutunsu na ƙarshe ke nan tare kafin jarrabawar fita. Duk rairayin da ke ƙasar nan a rasa inda za a je sai Miches, inda kwalekwalen Nelo ya tashi. Ga shi yau Alhamis, gobe ce tafiyar.

"Comadre, wakenki zai kama," in ji wata murya daga bayan shinge. Tatica ce, maƙwabciyarta, wadda ta riƙe Wilkin ranar baftismarsa, shi ya sa take ce mata comadre. "Tun daga ɗakina nake jin ƙaurinsa. Ko bana ƙonanne za ki raba mana?"

Yocasta ta tura ledar ƙarƙashin siket ɗinta, ta miƙe ta koma wurin murhu. Waken Ista ne, mai zaƙi, wanda kowane gida ke dafawa a wannan mako a yi ta aika wa juna: madarar kwakwa, dankali, kirfa, kanumfari. Ta sa muciya ta juya, amma hankalinta ba ya cikin tukunyar.

"Tatica, tafiyar nan ta yara, da gaske akwai ta?"

"Kamar ya da gaske? 'Yata Yuleisi ta gwada rigar wanka har madubi ya gaji da ita."

"Wane babba ne zai bi su?"

"Malamin wasanni da matarsa."

"Wannan da ko 'ya'yansa bai san inda suke yini ba?"

Tatica ta yi dariya, ta leƙo kai ta saman shinge. "Me kika ji? Budurwa ce? Bar yaro ya sha iska, comadre. Ke ma a zamaninki ba a coci aka tsinto ki ba."

"Bas za ta tafi a cike," in ji Yocasta, idonta na kan wake. "In ta dawo da kujera ɗaya babu kowa, wa zai lura kafin a iso gida?"

Dariyar Tatica ta tsaya. Ita ma ta san Nelo. Ta ce, "Haba dai, ba Wilkin ba. Yaron da ke neman shiga jami'a?" Amma muryarta ba ta da ƙarfi, kuma Yocasta ta ji hakan.

Da la'asar Wilkin ya shigo, ya yi sabon aski, sanye da fararen kambas ɗinsa da yake gogewa da buroshin haƙori kamar za a ba shi lambar yabo. Ya sunkuyar da kai.

"Sa min albarka, Mami."

"Allah ya yi maka albarka. Askin na mene ne?"

"Na hutu mana."

"Kifaye za ka yi wa kwalliya?"

Ya yi murmushi, ya rungumo ta ta baya, ya ɗora haɓa a kafaɗarta ya daɗe a haka. Da wata rana ce, da ta ji daɗi. Yau sai ta ji kamar bankwana ake yi da ita. Tun yaushe yaron nan ya fara runguma babu abin da yake nema? Ta tuna kwanan nan ya gyara mata famfo ba ta roƙa ba. Ta tuna ya bi ubansa maƙabarta sun share kabarin kakarsa. Duk abin da ta ɗauka hankali ne ya fara zuwa masa, yanzu ya zame mata shaida.

Ta jira mijinta.

Mijin nata, Eladio, ya dawo a ƙasa, yana share gumi. Ɗan acaba ne, amma tun farkon mako ya ce babur na wurin bakanike. Ta ja shi bayan tanki, ta buɗe masa ledar, tana magana ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana kallon kayan. Ya ɗaga rigar, wadda dama tasa ce kafin yaron ya kamo shi tsawo ya gaje ta, ya mayar ya naɗe a hankali.

"Ka ga abin da ɗanka ke shirin yi mana?"

"Na gani."

"Na gani kawai? Eladio, teku ta ci mini ɗaya. Ba zan ba ta na biyu ba, ko da zan ɗaure shi da igiyar shanya."

"Kawo ledar nan," in ji shi. "Ni zan ɓoye ta inda ba zai gani ba. Ke dai gobe kada ki ɗauke ido daga kansa. Da bas ta tafi, magana ta ƙare."

Ta miƙa masa, ta ji wani nauyi ya ragu a ƙirjinta. Mutumin nan bai cika magana ba, amma in ta kama, akwai shi da tsayawa.

Sai dai Yocasta ba ta iya riƙe abu a ciki ba. Suna zaune cin abincin yamma ta ajiye cokali.

"Wilkin, me mai zuwa wanka zai yi da maganin amai?"

Yaron ya tsaya da loma a hannu.

"Na ga ledarka. Na ga rigar. Faɗa mini, wa ya haɗa ka da masu kwalekwale?"

Bai kalle ta ba. Ubansa ya kalla. Eladio kuwa ya duƙufa a kan kwanonsa. Yaron ya sake kallon uban, ya sunkuyar da kai.

"Ko musu ba za ka yi ba?"

"Mami, ki bari."

"In bari. To ka ji da kyau: babu Miches, babu bas, babu ko ƙofar gida. Ka kira abokanka ka ce uwarka ta haukace, ban damu ba."

Idonsa ya ciko da hawaye, ya tashi ya shige ɗaki. Ta bi shi, ta kwashe fararen kambas ɗin, ta haɗa da silifa da takalmin makaranta, ta fito da su rungume. Ta san ɗanta, ko gobara ake yi ba zai fita gaban 'yan mata ba takalmi ba.

Da ta dawo ta tarar Eladio ya je ya ɗebo waken daga tukunya, yana sha da zafinsa, yana hura cokali.

"Yau kuma? Kai da ba ka taɓa shi sai ya kwana a firiji?"

"Bana ya yi daɗi ne," in ji shi. "Na kasa jira." Ya shanye, ya ƙara wani.

Al'adar Babbar Juma'a a gidan Yocasta ta uwarta ce, ta kakarta ce, kuma ba ta taɓa karya ta ba. Ba shara, ba rediyo, ba buga ƙusa. Babba a ciki, babu mai buɗe baki da safe sai maigida ya je ƙorama kafin rana ta fito, shi ma bakinsa a rufe, ya ɗebo ruwa ya kawo. Kowa ya wanke fuska da shi, sannan a yi magana. Ragowar a ajiye a kwalba, a riƙa shafa wa marar lafiya har shekara ta zagayo. Yaran yanzu dariya suke yi, amma a gidanta ba a gaban idonta ba.

Gari bai gama wayewa ba ta jawo kujera mai lilo ta dasa a bakin ƙofar Wilkin, takalmansa a cinyarta. Ta leƙa ta ga yana kwance, fuska a bango.

Eladio ya fito da farar jarka a hannu, kamar kowace shekara. Ya tsaya a gabanta. Ta nuna masa ƙofar da haɓa, wato ga shi nan, na riƙe shi. Ya gyaɗa kai, amma bai tafi ba. Ya leƙa ɗakin ya daɗe. Ya dawo ya ɗora tafin hannunsa a kanta, abin da rabonsa da yi tun suna saurayi da budurwa. Ta ɗago tana hararar sa. Ga gabas ta fara ja, shi yana nan yana shiririta. Ta kaɗa masa hannu, yi sauri mana. Ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, ta sa yatsa a leɓenta da sauri. Sai ya yi ɗan murmushi, ya juya ya fita. Ta ji motsinsa a wajen tanki, sannan ƙarar ƙyauren gida.

Ba a jima ba bas ta tsaya a bakin layi. Yaran sun kashe kiɗa saboda ranar, amma dariyarsu ta ƙi yankewa. Aka ƙwanƙwasa tagar Wilkin, aka kira sunansa a hankali. Bai motsa ba. Bas ta tashi, ƙararta ta yi nisa ta ɓace. Yocasta ta jingina, ta rufe ido, ta yi godiya a zuci. Daɗi ya rufe ta har tana jin kamar ta yi kuka. Ta ci nasara. Bari ruwa ya iso, ta wanke fuska, ta zuba wa yaron wake da yawa, da 'yan biskit ɗin nan da yake so a kai. Zai yi fushi kwana biyu ya huce.

Rana ta fito. Mijin Tatica ya wuce da bokitinsa, jim kaɗan aka ji muryar Tatica tana yi wa kaji faɗa. Gidan gaba ma suka fara magana. Yocasta ta dubi ƙyaure. Ƙorama ba nisa gare ta ba, ko gurgu ya isa ya je ya dawo. Ta ce a ranta ya tsaya kallon wani abu ne. Hasken rana ya hau baranda, ya ci rabin tsakar gida. Ta ce ko ya zame ne a kan dutse. Ta so ta tashi ta duba, amma ta ƙi barin ƙofar.

Sai ƙofar ta buɗe da kanta. Wilkin ya fito ba takalmi, idanunsa sun kumbura. Ya durƙusa a gabanta. Ta ɗaga yatsa za ta kai leɓe, ya kama hannun.

"Mami, ki yi magana. Ruwan ba zai zo ba."

Ta tsura masa ido.

"Ledar ta Papi ce. Babur ɗin ba ya wurin bakanike, ya sayar da shi ya biya masu kwalekwale." Ya ƙara riƙe hannunta. "Ya ce in kin zarge ni kada in yi musu. Ya ce in idonki na kaina ba za ki kalle shi ba, kuma yau ce kaɗai ranar da zai fita ba ki tambaye shi ina za shi ba. Wai ni in shiga jami'a, shi zai nemo abin da za a yi da shi. Na roƙe shi, Mami, na rantse na roƙe shi. Ban san ta wane bakin ruwa za su tashi ba. Bai faɗa mini ba, don ya san zan faɗa miki."

Ta ga hannunta jiya yana miƙa ledar. Ta ga cokali ana hura shi. Ta ga bakin da ya buɗe da safe, da yatsan da ta sa ta rufe shi. Tsoro da haushi suka taso mata a haɗe, ta rasa wanda ya fi yawa.

"Comadre," Tatica ta kira daga bayan shinge, "har yanzu bakin bai buɗe ba? In miƙo miki namu ruwan?"

Yocasta ta girgiza kai. Na maigida ake jira.

Wilkin ya share fuska da bakin rigarsa. "Bari in je tasha in tambaya, ko wani ya ga motar da ya shiga." Ya miƙa hannu zai ɗauki kambas ɗinsa daga cinyarta.

Ta rungume takalman a ƙirjinta da hannu biyu. Ya ja a hankali, ta ƙara matsewa. Ya kira ta, ya sake kira. Ta ci gaba da kallon ƙyauren gida. Ruwa bai iso ba tukuna, saboda haka ba ta ce komai ba.