Makullai a Aljihun Dama

Dokar Alhaji Maccido ɗaya ce, kuma duk layin 'yan yadi na kasuwar Sakkwato an san ta: mai shan taba ba ya riƙe masa makullin shago. Ba wa'azi yake yi ba. Shadda tana kama wari, in ji shi, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya ɓata bandir guda. Tun ranar da ya kama ɗansa Muntari da karan sigari a baki, lokacin yana saurayi, ya sa shi ya rantse ya bari. Muntari ya rantse, ya kuma bari, har ya yi aure. Daga baya abin ya lallaɓo ya dawo.

Abokinsa Bashar ne ya kawo masa abin da ya kira mafita. Sigarin lantarki ce, amma ba 'yar siririyar nan mai kama da biro ba. Babba ce mai cika hannu, wadda in ka zuƙa sau ɗaya sai hayaƙi ya rufe maka fuska. Ba ta warin taba, ƙamshin mangwaro take yi. Batirinta fitar da shi ake yi a sa a caja, kaurinsa ya kai babban yatsa, an naɗe shi da koriyar leda. Biyu Bashar ya ba shi, ɗaya a cikinta, ɗayan a ɗan akwatin roba.

"Wagga ba ta yara ba ta," in ji Bashar. "Wayad da ac cikinta tana jan wuta ƙwarai, shi yas sa batirinta ad da ƙarhi. Kak ka sa shi caji ka yi tahiyarka. Kak ka bash shi cikin rana. In ledar jikinai ta yage ko ɗan kaɗan, ka daina aiki da shi. Kuma don Allah kak ka jefa shi aljihu tsirara, ga akwatinai nan. In ƙarhe ya taɓa shi sama da ƙasa, wuta shika kamawa, wani lokaci ma ya hwashe."

Muntari ya ce to, ya ce na ji, alhali idonsa na kan hayaƙin.

Mafitar nan kuwa sai ta zama wani gidan yari. Da can kara ɗaya ne, a zuƙe a yar, a tauna goro. Yanzu ga ruwan zubawa, ga wayar ciki da ke ƙonewa a nemi wata, ga uwa uba caji. A gida ba dama, matarsa Ni'imatu ba abin da ke wuce mata, kuma wutar lantarkin ma sai ta ga dama take zuwa. A shago ba dama, don Kabiru yana nan. Kabiru ɗan ƙanin Alhaji ne, ya girmi Muntari, a shagon ya tashi, kuma ko allura aka gusar sai ya lura. Saboda haka Muntari kan hau babur ya tafi har unguwar Gidan Igwai, wurin wani mai cajin waya da bai san ɗan wane ne shi ba, ya bar batir da caja a rumfar kwano mai zafi kamar tanda, ya dawo daga baya ya ɗauka. Shi kuwa mai cajin, da bakin ƙusa yake ɓamɓaro batirin daga caja. A haka ledar ta yage daga sama, farin ƙarfe ya leƙo. Muntari ya gani sarai. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce gobe zai sayi sabo, goben da ba ta zo ba.

Akwatin robar kuwa Ni'imatu ce ta tsince shi ba komai ciki, ranar wanki. Ta tambaya, ya ce a hanya ya tsinta. Ta ce ai kuwa ya yi daidai da 'yan kunnenta. Tun daga nan kullum yana ganinsa a gaban madubi, ba bakin da zai ce a ba shi abinsa.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko masallaci, ya biya Gidan Igwai ya karɓi batirin. Yana nan tsaye waya ta shigo, Alhaji ne, ya ce ya zo gida yanzu-yanzu, mutane na jira. Ita sigarin da cajar a ƙarƙashin kujerar babur yake ɓoye su. Ya ɗaga kujerar zai jefa batirin, sai ya ji ƙarfen wurin na ƙuna, ga babur ɗin a rana zai yini. A cikin dokokin Bashar duka, ta rana ce kaɗai ta faɗo masa a rai. Don haka ya zura batirin a aljihun gefe na farar shaddarsa, na dama, yana ganin ya yi dabara.

Ya tarar da zauren gidan cike. Dattawan layin 'yan yadi ne, da ƙannen Alhaji, da limamin unguwa Malam Sharifuddeen. Kabiru yana bakin ƙofa wurin takalma. Alhaji na can ƙurya ya miƙe ƙafafu a kan darduma, domin gwiwoyinsa sun daɗe da ƙin lanƙwasuwa, ko tashi sai an kama shi. Aka buɗa wa Muntari hanya, ya bi yana durƙusawa yana gaisuwa, har aka zaunar da shi tsakanin mahaifinsa da bango. Hanyar da ya bi ta rufe a bayansa.

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya ce ƙafa ta gaza, kasuwa ta fi ƙarfinsa, kuma yadda mahaifinsa ya tara mutane ya miƙa masa makullai, haka shi ma yake son ya yi a gaban shaidu. Ya ce ya daɗe yana lura da yaron nan, ya yi masa alkawari ɗaya tun yana saurayi, kuma ya riƙe. Ya ciro tarin makullai a zoben ƙarfe, na ƙofa da na kwaɗuna da na sito, ya miƙa.

Muntari ya karɓa da hannu biyu. Daɗi ya ji, daɗi na gaske, har idonsa ya kawo ruwa, kunya kuma tana cin sa ta ƙasa.

"Sa su aljihun dama da bisimilla," in ji Malam Sharifuddeen. "Abin alheri ba a kai shi hagu. Mu ɗaga hannu mu yi addu'a."

Muntari ya san abin da ke aljihun dama. Amma idon zaure duka na kansa, ga liman ya yi magana, ga tafin hannu dole a buɗe shi don addu'a. Wa zai ce wa liman a'a, kuma da wane dalili? Ya ce bisimilla, ya sake su a hankali. Ya ji sun sauka a kan batirin da ɗan ƙara.

Malam Sharifuddeen ba ya gajeriyar addu'a, kowa ya san haka. Ya fara da iyaye da kakanni. Muntari yana amin, yana ƙoƙarin kada ya motsa cinyarsa. Da aka kai kan kasuwa da 'yan kasuwa sai ya ji ɗumi. Ya ce wa kansa zafin gari ne. Ɗumin ya taru wuri ɗaya, ya zama zafi, irin na kofin shayi in an ɗora a cinya. Ya dubi ƙofa. Tsakaninsa da ita manyan riguna ne jere, kowa ido rufe. In ya tashi yanzu ya tsallake dattawa ana tsakiyar addu'ar da ake yi dominsa, sai an tambayi dalili. In ya ciro abin, sai an tambayi mene ne. Ya ce bari ya daure, ai an kusa shafawa.

Ba a kusa ba. Liman ya shiga kan marasa lafiya. Gumi ya jiƙa wa Muntari hula, aminsa ta koma nishi. Aljihun nan na dama yana manne da ƙafar Alhaji, tsohon da ba ya iya ko ja da baya shi kaɗai. Muntari ya san haka, ya kuma ci gaba da zama. Sai da ya ji ƙaurin yadi, ya ji wani siririn huci na fita daga jikinsa, sannan ya zabura. Ya cusa hannu ya damƙo aljihun gaba ɗaya, ya taka rigar wani, ya ture kafaɗar wani, ya kai bakin ƙofa ya zazzage komai a ƙasa, makullai da batir tare.

Batirin ya yi tsalle yana huci, ya yi feshin wuta, ya buga da ƙara ya faɗa cikin kwata. Hayaƙi mai ɗaci ya cika ƙofar gidan. Makullan Alhaji suna kwance cikin ƙasa, sun yi baƙi.

Salati ya kaure. Ba wanda ya ga abin da ya faɗa kwata, makullai kawai aka gani sun fito da wuta. Wani ƙanin Alhaji ne ya fara faɗa.

"Wanga ba banza ba! A ba yaro makulli yanzu, su kama wuta cikin aljihunai? Aiki na anka yi musu. Wa ar riƙe da su kahin yau?"

Sai kawuna suka juya wurin Kabiru. Shi ke buɗe shago kullum da safe, kuma kowa ya san da ba ɗa a gidan, shi za a ba. Kabiru ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa.

Muntari yana tsaye riƙe da hannunsa da ya ɗuri ruwa, cinyarsa na zugi. Ga ƙofar fita an buɗe masa, ba abin da ake nema a wurinsa sai shiru. Ya kuwa yi shirun na ɗan lokaci, abin da ba zai taɓa mantawa ba. Sannan ya ga Kabiru ya sunkuya yana laluben takalmansa.

"Ba Yaya Kabiru na ba," ya ce. "Batir na, Baba. Na sigarin lantarki. Nawa na. Ban bari ba."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Da ya yi magana, muryarsa a kwance take.

"Kai ka san abin ga na hwashewa?"

"An hwaɗa mini, Baba."

"Tun yaushe kaj ji zahinai?"

"Tun ana addu'ar kasuwa."

"Tun ana addu'ar kasuwa," Alhaji ya maimaita. Ya dubi ƙafafunsa da ke miƙe a kan darduma. "Tabar, da na yi hushi in huce, Muntari. Amma ka san ba ni iya tashi. Ka zauna jikina da wuta, kana auna kunyarka da ƙahwata."

Ya kawar da kai daga gare shi. Ya ce wa Kabiru ya ajiye takalman nan, ya ɗauko makullan in sun huce. Kabiru ya ɗauko su da gefen rigarsa, ya goge, ya durƙusa zai miƙa. Alhaji ya girgiza kai, ya nuna aljihun Kabiru na dama. Liman ya ɗaga hannu ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ba wanda ya kori Muntari, ba kuma wanda ya matsa masa wuri. Ya zauna a dakalin waje, aljihunsa a ƙone, yana jin amin na tashi daga ciki. Ga babur ɗinsa can a rana. Abin da ya fi ba shi haushi, har ya ji kamar ya yi kuka, shi ne ko a lokacin bakinsa zuƙa ɗaya yake nema, kuma ya san akwai sauran caji a ɗaya batirin.