Ƙofar da Ta Ƙi Buɗuwa

Dogo yana tsaka da gugar zannuwan gado a ɗakin wanki na wani otal sai waya ta fara ruri a aljihunsa. An hana su ɗaga waya a bakin aiki, don haka ya ƙyale ta ta tsinke. Ta sake yi. Da ya ga matarsa ce, ya raɓe bayan injin busar da kaya ya ɗauka.

"Baban Auta, ƙofa ta ƙi buɗuwa."

"Ki ɗaga ta sama kaɗan, ki jawo. Haka take yi."

"Na ɗaga, ko motsi ba ta yi ba. Ɗazu wani abu ya yi ƙara a cikin bango, kamar an karya ice. Ga ƙasa nan tana zubo mana daga sama." Muryarta ta yi ƙasa. "Ina jin mutane suna sauka da gudu."

Dogo ya kashe wayar. Ya tura wa abokin aikinsa dutsen gugar, ya fita ta ƙofar baya da rigar aiki a jikinsa. Shugaban wanki yana ƙwala masa kira, bai waiga ba.

Gidan ba nisa, layi uku ne daga otal ɗin, kuma dalilin da ya sa suke zaune a cikinsa ke nan. A da can bayan gari suke, inda sai ya hau mota biyu kafin ya iso aiki. Yakan fita Auta tana barci, ya dawo tana barci, duk da haka sai da aka yi masa kashedin ƙarshe a kan latti. A unguwar otal kuwa, hayar ɗaki ɗaya sai ta lashe albashinsa kaf. Benen nan kaɗai ne mai sauƙi, kuma kowa ya san abin da ya sa: akwai tsaga a jikinsa tun daga tushe har sama. Ranar da suka tare ya ce wa matarsa tsagar filasta ce kawai. Ta dube shi, ta ci gaba da jera kayanta.

Ya tarar da 'yan haya sun yi cirko-cirko a tsallaken titi, kowa ya ɗaga kai sama. A tagar hawa na uku ya hango fuskarta a bayan ƙarafan, ta rungume Auta.

Kafintan da ke da shago a ƙasan benen ya riƙe masa hannu. "Ina za ka hannu rabbana? Tsaya." Ya shiga shago ya ɗauko zarto da kurfi, ya tsaya jim kamar mai shawara da ƙafafunsa, sannan ya bi bayansa.

Matakalar ta cika da ƙurar siminti. Tsagar da a da ɗan yatsa ba ya shiga, yanzu ana hango hasken waje ta cikinta. Dogo ya riƙa taka ƙafa a hankali. Da suka isa ya ja da baya zai banki ƙofar da kafaɗa.

"Kul!" in ji kafinta. "Ginin ne ya zauna a kanta. Wa ya sani ko ita ke riƙe da shi? Ƙasanta za mu yanke."

Ya huda katakon da kurfi, ya zura zarto. Duk jan da ya yi sai ƙasa ta zubo musu a wuya. Daga ciki Auta tana ta kuka.

"Yi shiru, 'yar Baba, wasan ɓuya muke yi," in ji Dogo. Shi kansa bai gane muryarsa ba.

Bangon ya sake yin ƙara. Su duka suka ƙame, har yarinyar. Kafinta ya ci gaba da yanka da sauri. Da allon ya faɗi, hannuwan matar suka turo Auta, sannan ita ma ta rarrafo, ƙusa ta yage mata gwiwar hannu. Suka sauko, suka tsallaka titi. A nan ne Dogo ya zauna a bakin kwata.

Suka jira benen ya faɗi. Bai faɗi ba.

Da rana ta yi sanyi wakilin mai gida ya iso yana murmushi. Ya ce ruwan sama ne ya kumbura ƙofa, ginin nan zai ga jikokin kowa, kuma wanda ya yanka ƙofa shi zai gyara. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka fara komawa ciki. Wata ta ce ta bar tukunya a kan wuta, wani ya ce aikin dare gare shi, sai ya yi wanka.

"Ni da Auta ba za mu ƙara taka matakalar nan ba," in ji matar Dogo, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Yaya ta ce mu zo, akwai ɗaki a wurinsu."

Gidan yayarta yana can inda motar haya ke juyowa, ya ma fi tsohon gidansu nisa. Dogo ya dubi rufin otal ɗin da ke leƙowa ta saman gidaje, ya dubi jinin da ya bushe a hannunta.

"To," ya ce.

Shi kaɗai ya hau ya kwaso abin da zai fita ta ramin ƙofar. Yana ɗaure katifa a kan a-kori-kura wani mutum ya yi masa sallama, da kayan masu gadin banki a jikinsa, takalmansa sun yi futu-futu.

"Malam, tashi kuke yi? Ɗakin ya fita ke nan?"

Dogo ya saki igiyar. "Ɗan'uwa, ɗaga kanka ka dubi bangon can. Yau da zarto aka fito da iyalina."

Mutumin ya ɗaga kai, ya bi tsagar da ido tun daga ƙasa har sama. Ya daɗe yana kallo.

"Na gani," ya ce a hankali. "Wurin aikina yana bayan layin nan. Wanne ne wakilin mai gidan?"