Dutsen Gugar Baba

Ni dai tsabta ce ta kusa rufe wa mahaifina shago, kuma har yau ba a daina yi min gori a gidanmu ba.

Shekara talatin da ɗaya Baba yana wanki da guga da dutsen gawayi guda ɗaya, baƙi ƙirin. Da bayan hannu yake gane zafinsa. Sai ciwon suga ya kashe masa jin yatsu, a wata guda ya ƙona rigunan mutane uku. Mama ta zare mukullin shagon ta ɗaure a haɓar zaninta.

"Ka zauna a gida ka huta, Malam," in ji ta.

Kwana huɗu Baba yana zaune yana ninke tsumman goge tebur. Wallahi tausayinsa ya hana ni sakat.

Mijina mai gyaran firji ne, a gidanmu Injiniya ake ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana. Yana da wata 'yar na'ura mai kama da bindiga, ka saita ta kan abu ta rubuta maka zafinsa. Ya gwada ta a gefen dutsen Baba, ta faɗi daidai. Da ƙyar Mama ta yarda a yi gwaji ranar Asabar: Baba zai goge mayafinta na siliki, in ya fito lafiya mukulli ya dawo, in ya ƙone zance ya ƙare.

To, ni kuma uwar iyawa, ana gobe gwaji na dubi dutsen nan na ce ba za a yi abin arziki da wannan dauɗar ba. Na samo soson ƙarfe da toka, na dirje shi har ina hango haƙorana a jikinsa, na jefa soson a jakata.

Ranar Asabar Mama ta buɗe shago ta zauna a bakin ƙofa, mayafi a cinya. Baba ya zuba garwashi, aka jira. Injiniya ya saita bindigarsa.

"Sittin, Baba. Siliki sai ɗari da arba'in. A ƙara wuta."

Aka ƙara. Sittin da takwas. Aka yi fifita har gumi ya jiƙe ni. Saba'in.

Baba ya sunkuya, ya kusanto da kumatunsa, ya yamutsa fuska. "Anya, ɗan nan? Miƙo min tsumman can."

Dutse na taɓa tsumma sai hayaƙi da ƙauri. Mama ta ƙara ƙulle haɓar zani.

Injiniya ya zagaya dutsen yana sosa ƙeya, sai ya tsaya cak. "Wa ya wanke shi?"

Na ɗaga yatsa a hankali.

"Baba, na'urar nan ba taɓa abu take ba," ya ce. "Duk abu mai zafi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi ne wanda kumatunka ya ji yanzu, shi take karantawa. Baƙin abu yana sakin nasa gaba ɗaya. Mai sheƙi kuwa rowa gare shi, sai ya zama madubi. Tun ɗazu rabin abin da muke aunawa zafin bangon ɗakin nan ne."

"Wato 'yarki ta koya wa dutsena ƙarya," Baba ya ce wa Mama.

Injiniya ya kunna kyandir, ya kara harshen wutar a gefen dutsen har hayaƙi ya yi masa tabo baƙi kamar kwabo. Ya saita a kan tabon. Ɗari biyu da talatin. Aka kwashe garwashi, muka zuba ido lamba tana sauka. Tana kaiwa ɗari da arba'in Baba ya miƙa hannu, Mama ta ba shi mayafin.

Ya kama mariƙin dutsen. Ya bi mayafin gefe zuwa gefe, ya ninke shi gida huɗu, ya ajiye mata a cinya. Ta ɗaga shi a hasken ƙofa tana neman aibu, har ta gaji.

Ta kwance mukullin ta ba shi. Sannan ta laluba jakata, ta zaro soson ƙarfen, ta ɗaure shi a haɓar zaninta, a gurbin mukullin.