Zoben Malama Petrak

Jiniyar gwaji ta tashi ne Lorraine Petrak tana tsakiyar rubuta sunayen koguna a allo. Ta ajiye alli ta ce, "Kowa ƙarƙashin teburinsa! Hannu a ƙeya, a rufe ido!" Yara talatin da biyu suka zube ƙasa suna ƙunshe dariya. A wannan shekara ta 1951 sau biyu a wata ake yin haka, wai ko Rasha za ta jefo bam a gonakin masarar jihar Iowa ta Amurka. Ita ma malama dole ta shige ƙarƙashin nata teburin.

Tana durƙusawa, siririyar sarƙar da ke wuyanta ta zamo daga cikin riga, zoben da ke jikinta ya hau lilo a fili.

Wata biyar ke nan da ita da Wendell Sobotka suka tsallaka zuwa jihar Missouri a ɓoye, wani alƙali mai mura ya ɗaura musu aure, matarsa da mai shara suka tsaya shaidu. Takardar aikin Lorraine ta faɗa ƙarara: ranar da malama ta yi aure, ranar aikinta ya ƙare. Wendell kuwa tun da ya dawo daga yaƙi yake karatun likitan dabbobi a wani gari mai nisan awa biyu a bas, saura masa shekara da rabi, kuma aikin nan nata shi ke riƙe da su. Ranar Asabar kaɗai take matarsa. Sauran kwana shida budurwa ce mai haya a ɗakin sama, zobenta yana kwance a kan ƙirjinta, yana ɗaukar ɗumin jikinta.

Takalma biyu masu tsini suka tsaya a gabanta. Misis Kessler ce ta kwamitin makaranta, da hular kwano a kan gashin da ta sha wahalar naɗewa, ta zo duba gwaji tare da shugaban makaranta, Mista Brandvold.

"Malama Petrak, kanki bai sunkuya sosai... Af! Wannan fa?"

A ofis, Mista Brandvold ya daɗe yana goge tabarau. Dattijo ne mai sanyin hali, kuma ya san ba zai sami wata malama a tsakiyar shekara ba. Misis Kessler ta ƙi zama.

"Zoben aure ne, Eldon. Idona bai mutu ba tukuna."

"Ai ban musa ba, Harriet." Ya ɗago ya dubi Lorraine, duba irin na mai miƙa wa wanda ya faɗa rijiya igiya. "Samari da yawa sun sayi zobe kafin su tafi yaƙin Koriya, da niyyar in sun dawo a yi biki. Wasu ba su dawo ba. Ko ba haka ba ne, Malama?"

Lorraine ta dubi zoben. Ta tuna ajinta, ta tuna littattafan Wendell masu hotunan hanjin doki. Ta gyaɗa kai. Sau ɗaya tak.

Sai ga fuskar Misis Kessler ta narke. Ɗanta guda ɗaya ya tafi yaƙin duniya da ya wuce, bai dawo da rai ba, tuta aka kawo mata a naɗe. Ta cire hular kwanon ta rungume Lorraine, tana kuka a kafaɗarta.

"Wayyo 'yata! Kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Me sunansa?"

Da ta ce John, ko Robert, ko kowane suna daga cikin dubu. Amma bakin da ya saba kiran suna ɗaya a zuci dare da rana bai san wani ba.

"Wendell," in ji ta.

Kafin Juma'a babu gidan da labarin bai shiga ba. Matan gari suka yi abin da suke yi wa duk gidan da aka yi rashi: suka yi ta sallama da kwanonin abinci a lulluɓe da tawul, taliya da kifin gwangwani, kaza, kek ɗin tuffa, kowane kwano da sunan mai shi a manne a gindi. Lorraine ta riƙa karɓa tana godiya.

Ranar Asabar ta faɗa wa Wendell a shagon shayin da ke kusa da tashar bas ta garin da yake karatu. Ya ƙyalƙyale da dariya har kofi ya zube masa.

"To Malama, a ina na mutu? Ina fata dai da jarunta. Kada ki ce zawo ne ya kashe ni."

"Wendell, don Allah."

"An ba ni lambar yabo? Kuma kek ɗin makokina, ko yanka ɗaya ba ki kawo wa mamaci ba? Kai, rowa!"

"Gobe fasto zai kira sunanka a coci."

Dariyar ta ɗauke. Ya juya cokali a kofi, ya sake juyawa.

"Shekara uku Jamusawa suna nema na ba su samu ba, Lori. Ke da gyaɗa kai ɗaya kin gama." Ya kama hannunta, yatsunsa suna warin maganin dabbobi, warin da ta fi so a duniya. "Litinin zan zo in tsaya a ƙofar makarantar. Su ga fatalwa da hular sanyi."

"Da kora ce kawai, da na jure. Amma matar nan ta yi kuka a jikina. Jiya ta kawo min hoton ɗanta."

"Ni fa? Har yaushe zan zauna a kabari?"

Ta ɗauki jakarta ta miƙe. Ya raka ta bas, bai ɗaga hannu ba.

Duk makon ta yi tana shirya maganar da za ta faɗa masa. Asabar na zagayowa ta sa rigarta mai ruwan ganye wadda yake so, ta sauko da sauri don ta kama bas ɗin ƙarfe tara. A bakin ƙofa ta tarar da baƙar motar Misis Kessler, furanni dami biyu a kujerar baya.

"Shigo, 'yata. An ce duk Asabar kina hawa bas ki tafi ki yi kukanki inda ba a san ki ba. Wannan ya ƙare. Ni ma Asabar nake zuwa kabarin ɗana Douglas. Tunda naki ba a kawo shi gida ba, sai ki ajiye furenki kusa da nawa. Kowane mako, tare."

Daga nan Lorraine tana hango bas ɗin a gaban kantin magani, direba yana ɗaure jaka ta ƙarshe. Kalma huɗu za su isa: mijina yana da rai. Ta buɗe baki. Misis Kessler ta miƙo hannu ta tura mata ƙofa, idanunta cike da wani irin farin ciki mai ban tausayi.

Lorraine ta shiga. Aka ɗora mata furannin a cinya, da sanyin raɓa a jikinsu, motar ta juya ta nufi maƙabarta.