Hular Harawa

Ɗantala mai walda ya ture tabarau zuwa goshi, ya ƙwanƙwasa sabon bututun hayaƙin da guduma sau biyu, sannan ya ce wa Abdulmumini ya hau ya tayar da motar.

Mukulli ɗaya ta ɗauka. Tsohuwar gingimarin ta yi gyaran murya, ta girgiza katakon bodinta, sai ga hayaƙin da ya shekara talatin da biyar yana bulbulowa ta ƙarƙashin ƙofar direba ya bi ta salansa mai sheƙi da aka tsayar a bayan kan motar, ya wuce sama abinsa. Abdulmumini ya ɗaga gilashi, ya murɗa wani ɗan maɓalli a gefen sitiyari. Kwamfuresar da suka ciro daga wata mushen bas a Kano ta kama bel, ta yi ɗan kuka, wata iska mai sanyi ta daki fuskarsa.

Sati biyu direbobin tashar Karaye suna yi masa tsiya. Wani ya ce an yi wa tsohuwa lalle, wani ya ce saura a sayo mata jan baki. Wa ya taɓa jin esi a motar katako? Shi dai ya canja robobin ƙofa, ya sa an liƙe duk wata ɓula da ke ƙasan kujera, har wadda ake hango kwalta ta cikinta.

Ba don kansa ya yi ba. 'Yar Shitu ake kiran motar tun daga Karaye har Rogo, saboda mahaifinsa Malam Shitu ne ya tuƙa ta tun tana amarya. Ita ta ciyar da gidan, ita ce kuma ta cinye ƙirjin mai gidan. Shekara uku ke nan da likita ya ce ko hayaƙin murhu kada ya kusanta, balle na gas, ya haɗa shi da abin shaƙa da ba ya rabuwa da aljihunsa. Tun daga ranar bai sake taka matakalar motar ba. Sai dai ya zauna a ƙofar gida a Unguwar Hajji, in ta wuce ya karkata kunne, da yamma ya ce wa ɗansa giya ta uku tana ƙara.

Da hantsi Abdulmumini ya tsayar da ita a ƙofar gida, ya durƙusa ya ce, "Baba, Beli za ni ɗebo harawarmu. Na ce ko za ka raka ni ka gaida Gwaggo Barira."

Tsohon ya dubi bututun tun daga gindi har baki. Ya shiga gida, ya fito da farar babbar riga, wadda yake sawa ranar idi.

Rana ta bazara tana dafa hanya, su kuwa suna ciki kamar a gindin randa. Malam Shitu ya shafa sitiyari ta gefe, ya shafa kan giya inda tafinsa ya cinye, ya ja numfashi a hankali yana jiran tari. Tari bai zo ba. Ya gyara hula, ya ce ashe haka masu kuɗi suke ji, shi ya sa ba sa son sauka.

A Beli gari ya fito kallo. Gwaggo Barira ta rangaɗa guɗa da ta ga yayanta a gidan gaba, ta ja su zaure ta dama fura da nono mai kauri. Aikin lodi Abdulmumini ya bar wa Liti, shugaban 'yan lodi, da mutanensa, don kowa ya san 'yan lodin Beli ba a koya musu aiki. Suna da abin da suke taƙama da shi. In sun cika bodi da harawa, sai su cusa dammuna a ratar da ke tsakanin bodi da kan mota, su ɗora wasu a kan rufin direba, su ja igiya har bamba. Hula suke kiranta. Motar da ta bar Beli ba hula, a wurinsu, kamar dattijo ne ya je Juma'a da kai a waje.

Liti ya ga sabon bututun. Ya ce wa mutanensa su bar masa baki a buɗe don ya yi numfashi. Suka bar bakin, suka naɗe jikinsa da busasshiyar harawar gyaɗa tun daga ƙasa har wuya.

Bayan azahar Abdulmumini ya fito yana amsa sambarka ta kowane ɓangare. Ya daki tayoyi, ya ja igiya ya ji ta ɗaure tamau, ya ɗaga kai ya ga bakin salansa yana leƙowa ta cikin hula. Shekara ashirin yana ganin hula a kan motar nan, idonsa bai ga wani baƙon abu ba. Ya taimaka wa Baba ya hau, ya rufe gilashi ruf, suka ɗauki hanya.

Akwai hawa mai tsawo bayan an bar gari. Ya sa giya ta biyu, ya take totur, inji ya yi ta gurnani da kaya a bayansa. Da suka kai tudu sai wani mai babur da ya taho ta gabansu ya ɗaga hannu. Abdulmumini ya danna masa hon. Can wasu manoma a bakin hanya suka miƙe suna ɗaga hannuwa, bakinsu yana motsi. Ya sake danna hon, har da salo, ya ce wa Baba ai labari ya riga su isa.

Malam Shitu bai yi murmushi ba. Sun shigo tsakiyar wani ƙauye ke nan, dangar kara dama da hagu, rumbuna a jere, sai ga wata mata ta saki tiren gyaɗarta ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wannan ba gaisuwa ba ce," in ji tsohon. "Gaisuwa hannu ɗaya ake yi."

Abdulmumini ya kalli madubi, harawa ta rufe shi. Baba ya nuna masa ƙasa ta gefensa. Inuwar motar tana gudu a kan hanya, a samanta kuma wata inuwa tana tuƙuƙi tana murɗewa.

Ƙafar Abdulmumini ta tafi birki da kanta, ya ce bari ya tsaya ya sauke Baba.

"In ka tsaya a nan ka ƙone gari. In ka buɗe ƙofar nan kuma, hayaƙin zai riga wutar kashe ni. Taka."

Ya taka. Tsohon ya zauna daram kamar yana karanta wasiƙa, yana ba shi hanya. Kada ya wuce giya ta uku. Iskar gudu za ta riƙa tura wutar baya, ta raba ta da kan mota. Akwai giginya biyu a gaba, a karya hagu, hanyar shanu ce amma tana ɗaukar mota, shi Baba ya bi ta sau ɗari yana ɗebo albasa. Ƙarshenta fadama ce, kuma a wannan lokaci injinan ban-ruwa suna kunne.

'Yar Shitu ta fice daga ƙauyen da wuta a ka, babura suna bin ta. A giginya Abdulmumini ya karya sitiyari da dukan ƙarfinsa, bodi ya yi ƙara, wani dami mai ci ya faɗo ya tarwatse a fili. Igiyar gaba ta tsinke ta fyaɗi gilashi. Bayan kujera ya fara ɗumi. Esi kuwa tana ta hura sanyinta kamar ba abin da ya shafe ta.

Masu albasa sun hango hayaƙin tun daga nesa. Kafin ya gama juya hancin motar ya fuskanci iska, kamar yadda Baba ya ce, mutum uku sun ciro mesa daga kwami suna gudu da ita. Abdulmumini ya bar inji a kunne, ya dira, ya maida ƙofa da sauri. Aka saki ruwa ta ko'ina. Aka datse igiyoyi da lauje, aka riƙa zaƙulo dammuna da fartanya da sanduna ana tattake su a laka. Shi ya hau rufin da kansa, ya yaye hular da hannu, bai san ya ƙone ba sai daga baya.

Rabin harawar ya tafi. Katako huɗu na gaban bodi sun zama gawayi. Bututun ya yi baƙi ƙirin, amma yana tsaye.

Sai da hayaƙi ya lafa sarai sannan ya je ya buɗe ƙofa. Malam Shitu yana zaune inda ya bar shi, ruwa yana gangarowa a gilashi, riga fara fes, abin shaƙa yana aljihu ko taɓa shi bai yi ba. Ya sauko a hankali, ya gaisa da masu albasa ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu godiya da addu'a. Wani dattijo a cikinsu ya gane shi, ya ce ashe Shitu direba yana nan.

"Ina nan," ya ce. "Wannan ɗana ne. Shi ya gyara ta, shi ya kawo ta nan. Shekara talatin ina shiga motar nan, yau ne kaɗai na sauka da rigata yadda na shiga da ita."

Abdulmumini ya sunkuyar da kai, fuska duk toka. Ya ce gobe zai sa Ɗantala ya maida salansar ƙasa inda take. Baba ya ce ko kusa. A yi mata keji na ƙarfe da tazarar taƙi guda, a kuma aika wa Liti cewa daga yau 'Yar Shitu ta daina sa hula, ta tsufa da wannan ado.

Tayoyin baya sun nutse a laka har rabi. Abdulmumini ya kama ƙofa zai hau, tafinsa da ya ƙone ya hana shi riƙewa. Tsohon ya dube shi, ya dubi lakar, ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa.

"Zagaya ɗaya gefen," ya ce.

Ya zauna a bayan sitiyari, ya gyara kujera da ƙugunsa kamar jiya ya tashi daga kanta. Kafin ya taɓa giya, ya sauke gilashi daidai faɗin yatsa biyu, ya karkata kunne.

"Sanyi na ƙirji ne. Wannan kuma na kunne."

Ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali, ya lallaɓa ta gaba, ya lallaɓa ta baya, ta yi nishi ta fito. Masu albasa suka ɗaga hannu. Malam Shitu ya duba da kyau, ya ga ɗaiɗai ne, sannan ya danna hon.