Sharar da Noelene Ta Sa Aka Yi

Kamfanin da zai shimfiɗa sabon titi a kusa da garin Gympie zai sare kurmin da kowala, wata 'yar dabba mai zama a kan bishiya, ke kwana, doka kuwa ta ce sai ya samo wani daji ya tsare a madadinsa. Noelene Pratt tana da irin wannan dajin a bayan gonarta. In aka karɓe shi, ba mai sake taɓa shi har abada. In aka ƙi, ƙanenta da suka gaji gonar tare ya rantse zai share wurin ya zuba shanu.

Da ta ji ranar Alhamis za a turo mai dubawa, sai kunya ta kama ta. Ita ko mai gyaran famfo ba ya shiga gidanta ba ta goge tagogi ba.

"Merv, tashi," ta ce wa mijinta. "Baƙuwa za ta ga wurin nan kamar juji?"

"Daji ne fa, Noelene."

"Dajina ne. Ɗauko tarakta."

Kwana uku Merv yana jan ruɓaɓɓun gumagumai yana tarawa a bayan rumfar shanu.

Mai dubawar, wata siririyar yarinya mai suna Tahlia, ta ci kek biyu, ta shiga daji da takardarta. Ta daɗe tana kallon ƙasa.

"Ina itatuwan da suka faɗi? A hoton sama na ga sun fi ɗari."

"Mun kintsa miki," in ji Noelene, tana gyara hula.

Tahlia ta dafe goshi. "Mama, su ne rabin makin da ake ba dajin. A cikinsu ƙadangaru da kwaɗi suke zama. Kun ƙone su?"

Noelene ta dubi Merv. Tun Talata take ce masa ya sa wuta.

"Bayana ke ciwo," in ji shi, yana kallon takalminsa.

"Zan dawo bayan mako biyu," in ji Tahlia. "Yau shayi kawai na zo sha."

Ranar Asabar Noelene ta tsaya kan tudu riƙe da hoton saman da Tahlia ta bar mata, Merv yana mayar da gungume ɗaya bayan ɗaya.

"Kai tsoho, ka jera su kamar kujerun coci! Karkata wancan!"

"Shekara talatin da takwas kina cewa ban iya komai ba sai hargitsa wuri."

"To hargitsa mana, me kake jira?"

Da Tahlia ta dawo, ta zagaya, ta yi tuntuɓe sau biyu, ta sa hannu a takardar.