Lofen Madugu Babaji

Wanda ya fara shigo da lofen icen zaitun birnin Katsina shi ne Madugu Babaji, shekarar da ya komo daga fataucin Tarabulus, tun Turawa ba su iso ba. Bai taɓa shan taba ba, kyawun zanen icen ne ya ja hankalinsa. Jikansa Alhaji Lado na Ƙofar Kaura ya gaji wannan sha'awa, ya tara irinsu har suka cika akwatin gilashi a zaurensa. Na Madugu kuwa, bisa al'adar gidan, a ɗakin babbar mace yake zama. Alfaharin Alhaji guda ne: wuta ba ta taɓa shiga lofen kakansa ba.

A 1999, da soja suka miƙa mulki, sabon kansilan unguwa ya shirya nunin kayan tarihi, ya roƙi Alhaji ya kawo lofen ya maimaita maganar nan a bainar jama'a. Ana gobe taro, da hantsi, Alhaji ya karɓo shi daga wurin yayarsa Hajo, babbar macen gidan. Yana kwance ƙyallen da aka naɗe shi ya ga cikin lofen baƙi ƙirin. Ya ce mata ashe shekara arba'in ke nan yana faɗa wa mutane abin da ba haka ba.

Hajo ta yi dariya har da tafi.

"Lado, shinshina mana. Wannan warin taba ne?"

Ƙamshin turaren wuta ne. Ta bayyana masa cewa duk amaryar gidan da shi ake turara mata kitso: a sa garwashi kaɗan da turare, a hura, hayaƙi ya bi gashi.

"Har matarka Ramla da shi muka gyara ta. Ban ji ka kawo ƙara ba."

Alhaji ya gyara zama, ya tambayi abin da ya fi damunsa, wato wa ya fara. Ta ce Kulu, matar Madugu, kuma mijin na zaune yana kallo.

"To, ai ba ɓarna ba ce, Yaya," in ji shi. "Gado ne."

Washegari ya tsaya gaban taro ya gyara maganarsa da bakinsa: taba ce ba ta taɓa shiga ba, wuta kam ta shiga don amare tun zamanin Kulu. Mata suka rangaɗa guɗa.

Abin da aka samu shi ne takardar yabo daga kansila, da gidaje uku masu neman aro, aka ce su kawo amaren a turara su a nan. Abin da aka riƙe kuwa, akwatin zaure cike yadda yake, maganar Alhaji da daraja, lofen Madugu kuma a ɗakin Hajo.